Tsohon Wasa Da Sabon Shiga: Shawara Ga Ƙannenmu

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da wani yaro ya yi mana a gida lokacin hutun kaka, wadda muka kasa amsa masa nan take, alhali kuwa mu ne ake kira masu ilmin jami'a a garin. Mu da muke wannan rubutu 'ya'yan manoma ne daga arewacin Jihar Kano, watau ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bici, inda in mutum ya fita bayan gari ba zai ga daji ba, sai dai gona ta jingina da gona har iyakar ganinsa. Yaron nan ƙanin ɗayanmu ne, shekararsa 16. Wake ya noma a 'yar gayaunar da mahaifinsa ya yanka masa, ya sayar, ya haɗa da abin da ya samu na ƙwadago, ya ba da saƙo aka sayo masa wata tsohuwar waya a kasuwar Farm Centre cikin Kano. Ran da wayar ta iso, da dare ya same mu a dandali, ya durƙusa ya gaishe mu, sa'an nan ya ce, "Yaya, wasan nan na gina gari da nake ganin kuna yi, in shiga? An ce mini wai ya tsufa, wai duk wanda ya shiga yanzu ɗan kallo ne."

Muka yi dariya muka ce ya bari sai da safe. Amma da ya tafi sai gardama ta kaure a tsakaninmu har dare ya raba, wasu na cewa a bar yaro ya more guminsa, wasu na cewa ba daidai ba ne mu ja shi cikin ramin da mu kanmu muke neman hanyar fita. Da muka dawo makaranta kuma sai muka tarar sababbin ɗalibai 'yan aji ɗaya suna yin irin wannan tambaya a ɗakunan kwana. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu auna maganar, mu faɗi ra'ayinmu a fili, tun da yake mun fi shekara biyar muna cikin abin, ba labari aka ba mu ba.

Wane wasa ne?

Ga wanda bai sani ba, sunan wasan Clash of Clans. Wani kamfani mai suna Supercell da ke birnin Helsinki na ƙasar Finland shi ya fito da shi a watan Agusta 2012, da farko a wayoyin Apple, sa'an nan a Oktoba 2013 ya sauko kan wayoyin Android irin waɗanda talaka ke iya saye. Watau ke nan sa'ad da aka ƙirƙiro shi, yaron da ya yi mana tambaya bai fi shekara uku da haihuwa ba.

Yadda ake yinsa shi ne, a ba mutum ɗan fili da wata 'yar fada a tsakiya. Sai ya riƙa tara zinariya da wani ruwa mai kama da tsimi, ya gina ganuwa da hasumiyoyin tsaro da barikin mayaƙa, sa'an nan ya kai hari garin wani ya kwaso ganima. Hari ɗaya minti uku ne. In ya ajiye wayar kuma, wani daga Indonesiya ko Turkiyya yana iya afka wa nasa garin ya kwashi rabonsa. Mutum kan shiga ƙungiya wadda ba ta wuce mutum 50, suna taimakon juna da mayaƙa, kuma tun shekarar 2014 ƙungiyoyi kan gwabza yaƙi da juna: yini guda na shiri, yini guda na fafatawa, kowane ɗan ƙungiya yana da hari biyu. Darajar mutum a cikin wasan kuwa tana ga matakin da fadarsa ta kai.

Yawancinmu mun faɗa cikinsa ne lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da aka rufe makarantu muka koma gida ba aikin fari ba na baƙi. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya ƙarasa kafe mu a ciki.

Hujjar masu cewa a shiga

Adalci ya sa mu fara da hujjar 'yan'uwanmu masu cewa a bar yaro ya shiga, domin ba hujjar banza ba ce. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a duniyar wasannin waya tsufa shaida ce ta ƙarko. Sababbin wasanni kan zo da kururuwa su mutu da wuri. Apex Legends Mobile ya fito a Mayu 2022, ya cika duniya da talla, ga shi a Mayu 2023 aka rufe shi, bai ko cika shekara guda da kyau ba. Shi kansa Supercell ya fito da wani wasa mai suna Squad Busters a Mayu 2024, amma kafin ƙarshen 2025 ya ba da sanarwar zai rufe shi. Wasan da ya haura shekara 13 yana numfashi, kuma har yanzu ana yi masa ƙari, ya fi waɗannan alamar zai kwana.

Hujja ta biyu ita ce wasan ya dace da irin wayoyinmu da irin sabis ɗin garuruwanmu. Wasannin harbe-harbe irin su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty suna bukatar sabis mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, don jinkirin ƙiftawar ido ya isa a harbe mutum. Suna kuma sa ƙaramar waya ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu. To, a ƙauyen da sai mutum ya fita bakin titi ko ya tsaya a wani kusurwar masallaci kafin saƙo ya shigo, wasa mai haƙuri shi ne na talaka. A nan mutum zai sa magina aiki, ya jefa waya aljihu, ya tafi sabgarsa.

Ta uku, kamfanin ya sauƙaƙa wa sababbi hanya. Sau da dama ya rage tsadar gine-ginen ƙananan matakai da tsawon lokacinsu, kuma a watan Maris 2025 ya soke jiran horar da mayaƙa ɗungurungum, abin da mu a zamaninmu ya sha sa mu zauna muna kallon agogo. Haka kuma ba a cika haɗa ƙaramin gari da babba ba, sai da tsaransa ko na kusa da shi. Abin da ya ci mana shekara, yaron yanzu zai iya ƙetare shi cikin 'yan watanni.

Ta huɗu kuma ita ce zumunci. A ƙungiyarmu akwai wanda ke karatu a Zariya, akwai wanda ya tafi cin rani Legas yana tuƙin babur, akwai wanda ya yi aure ya zauna gida yana noma. Da ba don wasan nan ba, da wasunmu sai dai su haɗu da salla. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya ba. Amma tambayar yaron nan ba ta tsaya ga ko wasan yana da daɗi ba. Abin da yake son ji shi ne matsayin wanda ya zo a makare.

Abin da dara ta koya mana

Don mu gane matsayin nan, bari mu dubi wani wasa da ya girmi Clash of Clans nesa ba kusa ba, wanda kakanninmu suka tarar ana yi, kuma har gobe ana yinsa a gindin tsamiya ko darbejiya a garuruwanmu da rani, watau dara. A tona gurabe 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida. Wannan ya ɗauki tsinke ko guntun kara 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. A yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sa'an nan a shiga turawa gida-gida. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗa guda na abokin karawarsa, har a kai ga ɗayansu ba shi da abin jerawa.

Mai karatu ya lura da abu guda. Dattijon da ya shekara 40 yana dara, in ya zauna da yaron da ya fara jiya, da 'ya'ya 12 zai fara, shi ma yaron 12. Shekarun nan 40 ba su ƙara masa ko tsinke ɗaya ba. Fifikonsa duk a kansa yake, kuma abin da ke cikin kai ana iya satarsa da ido. Yaro mai natsuwa in ya lizimci gindin bishiyar nan rani biyu ko uku yana kallo, yana shan kaye, yana jure ba'a, wata rana zai ci dattijon, kuma mun sha ganin haka ta faru, wuri ya kaure da sowa, dattijo ya gyara hula ya ce a sake.

A wasan waya kuwa, fifikon tsohon hannu a rumbu yake. Akwai gwaninta, ba mu ce babu ba, amma babban abin da ya raba mu da sabon shiga shi ne tarin gine-gine da ganuwa da jarumai waɗanda muka yi shekaru muna ɗagawa, kuma kowace safiya da su muke tashi. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Daɗin daɗawa kuma, ƙololuwar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An buɗe fada mataki na 11 a Disamba 2015, na 13 a Disamba 2019, na 15 a Oktoba 2022, na 16 a Disamba 2023, na 17 a Nuwamba 2024, na 18 kuma a ƙarshen 2025. Duk wanda ya dubi waɗannan shekaru zai ga yanzu kusan kowace shekara sai an ƙara hawa guda. Sabon shiga yana gudu, inda zai tsaya kuma ana matsar da shi gaba.

A manyan matakai gini guda ɗaya kan ci kwanaki masu yawa kafin ya kammala, ga shi gine-ginen ba su ƙidayuwa da yatsu, ga ganuwa ɗaruruwan guntaye kowanne da kuɗinsa. Maginan da za su yi aikin kuma ƙidayayyu ne. Da biyu ake farawa. Na uku sai an biya lu'ulu'u 500, na huɗu 1,000, na biyar 2,000. Ana samun lu'ulu'un nan kyauta kaɗan-kaɗan, ta hanyar share itatuwa da duwatsu a fili da cika wasu sharuɗɗa, amma hanya mafi sauri ita ce saye da kuɗi. Ashe ke nan hanya biyu ce gaban wanda ya makara in yana son ya kamo na gaba: ko ya biya da shekaru, ko ya biya da aljihu.

A nan ne cinikin yake. Shiga wasan kyauta ne, abin da ake sayarwa shi ne rage jira. A shekarar 2016 kamfanin Tencent na ƙasar Sin da abokan hulɗarsa sun biya dala biliyan 8.6 suka sayi fiye da kashi 80 cikin 100 na Supercell. Ba a zuba irin wannan dukiya a kan abin kyauta sai an tabbata akwai inda za ta fito, kuma wanda ya fi kowa ƙosawa da jira shi ne wanda ya zo ya tarar tsaransa sun yi nisa. Ba muna zargin kowa da zamba ba ne, kasuwa ce, kuma mai kaya yana da ikon sa wa kayansa suna. Sai dai ya kamata mai saye ya san abin da ake sayar masa.

Gonar aro

Akwai kuma wata magana da ɗan manomi zai fi kowa saurin fahimta. Ƙasarmu ta kewayen Kano ta yi suna wajen cunkoson jama'a da gonaki, har wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi bincike a kanta tun cikin shekarun 1960. Ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba, saboda takin da ake zuba mata. Mu ba sai an karanta mana wannan a littafi ba. Mun tashi mun ga iyayenmu suna turke dabbobi don tara taki, mun kuma kora jakai da mangala zuwa gona tun kafin ruwa ya sauka.

Amma iyayen nan namu sun san bambancin gonar gado da ta saye da ta jingina da ta aro. Ba ka taɓa ganin mai hankali ya kwashe takin shekara ya kai gonar aro, balle ya dasa mangwaro a cikinta, don ya san mai ita yana iya cewa baɗi zai noma abarsa. To, garin da muke ginawa a waya gonar aro ce. Dogon sharaɗin nan da muke danna wa amincewa ba tare da mun karanta ba ya faɗa a sarari cewa asusun ba mallakarmu ba ne, izini kawai aka ba mu mu yi amfani da shi, kuma an hana sayar da shi ko sayensa. Garin ma ba a cikin wayarmu yake ba, yana can cikin manyan na'urorin kamfani a wata ƙasa. Ran da aka kashe na'urorin, shi ke nan.

Kada a ce muna tsorata yara da abin da ba ya faruwa. Wani wasan tseren motoci mai suna The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014, mutane suka saye shi da kuɗinsu, amma a ƙarshen Maris 2024 aka rufe na'urorinsa, ya zama ba mai iya buɗe shi. Abin ya fusata jama'a har aka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai a 2025 ana neman a yi doka. A Satumba 2020 gwamnatin Indiya ta haramta PUBG Mobile dare ɗaya. A Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, Supercell ya janye wasanninsa daga Rasha da Belarus. Ba ma sai mun je nesa ba. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sabis. Katsina kuwa maƙwabciyarmu ce, daga Tsanyawa ko Kunci taku kaɗan ne. Wanda duk nishaɗinsa da abokansa suke cikin waya, a wannan lokaci ya ga ta kansa. Ita dara, in akuya ta bi ta kan guraben ta share, tona wasu za a yi a ci gaba.

Wasu sababbi kan ce za su yanke hanya su sayi ginannen gari a hannun wani. Muna gargaɗinsu da babbar murya. Wani abokinmu ya taɓa ɗaukar kuɗin da aka aiko masa na sayen takardun karatu ya ba wani mutum da bai taɓa gani ba, aka miƙa masa gari mai babbar fada. Mako biyu yana taƙama a ɗakin kwana. A na uku sai ya wayi gari mai garin ya karɓe abinsa, lambar wayarsa kuma ba ta shiga. Ba inda zai kai ƙara, tun da cinikin ma karya doka ne tun asali. Garin neman gira ya rasa ido.

Da me ake biya?

Bari mu yi lissafi irin na gida. Kayan cikin wasan da dala ake auna su. Kafin watan Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura naira 1,500. A Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. A ƙauyukanmu da yawa caji ma saye ake yi wajen mai sola ko mai janareta. Kuɗin da ke hannun ɗalibi irinmu kuwa kowa ya san inda ya fito: ko buhun gero ne aka kai Dawanau, ko akuyar mahaifiya ce aka ja zuwa kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Duk wanda zai danna sayen lu'ulu'u, ya fara tuna fuskar wanda ya ja akuyar.

Amma kuɗi ba shi ne babbar asara ba, domin da yawa cikinmu ba su taɓa sa ko kwabo ba. Babbar asara ita ce lokaci, kuma ba yawansa kaɗai ba, har da yadda wasan ke yanka shi gunduwa-gunduwa. Gaskiya ne hari minti uku ne, amma hankalin mutum yini yake yi a can. Agogon yaƙi bai san damina ba. In ruwan shuka ya sauka da dare, gari na wayewa kowa zai ɗauki sungumi, don wanda ya yi jinkirin kwana biyu ya san abin da zai gani da kaka. In lokacin noman firi ya yi, ciyawa ba ta jiran kowa. Ga shi kuma kowane wata akwai gasar ƙungiyoyi ta kwana bakwai a jere, kullum hari guda, wanda ya yi fashi ya ja wa 'yan'uwansa faɗuwa, su kuma su yi masa caa. Mun ga saurayi ya jingine garma a tsakiyar kunya ya tafi neman sabis, mahaifinsa yana kallo bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

A makaranta ma haka ne. Ba za mu ɓoye ba, akwai cikinmu wanda ya maimaita kwas guda, kuma in aka bi sawu ba wuyar kwas ɗin ce ta kayar da shi ba, tashin ƙarfe uku na dare ne don kada lokacin yaƙi ya ƙare bai kai harinsa ba. Laifinsa ne, shi ma bai ɗora wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da wasannin na'ura cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Wannan ba ya nufin duk mai wasa majinyaci ne, yawancin masu yi lafiyarsu ƙalau. Amma yana nuna abin yana da ƙugiya, kuma yaro ɗan shekara 16 ya fi babba saurin haɗiye ta.

Gari ko kufai?

Saura magana guda, wadda a ganinmu ita ce ke yanke hukunci. Abin da ke riƙe tsohon wasa mutanen cikinsa ne. Da can akwai wani babban dandalin hira a cikin wasan inda baƙo zai shiga ya yi sallama, wani ya ja shi ƙungiyarsa. A Oktoba 2019 aka rufe wannan dandali. Yanzu sabon shiga shi zai bi yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ƙungiyoyi masu ƙarfi sun sa sharaɗi, ba sa karɓar mai ƙaramar fada. Waɗanda ƙofarsu ke buɗe kuma da yawansu kufai ne: sunaye cike, amma in ka yi sallama sai ka kwana uku ba wanda ya amsa. Ko tamu ƙungiyar, da ta cika maƙil, yau masu leƙowa kullum ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu sun yi aure, wasu sun sayar da wayar, wasu kawai sun gaji.

Mu tsofaffin hannu ma muna da namu laifin. Sau nawa muka kori yaro don ya ɓata hari ɗaya? Sau nawa ya roƙi mayaƙa muka yi kamar ba mu gani ba? A gindin bishiyar dara ana yi wa ɗan koyo ba'a, amma ba a korarsa, 'yan kallo ma har sukan yi masa tari ko gyaran murya in zai tura ɗan da bai kamata ba. Wasan da manyansa ba sa matsa wa ƙanana wurin zama, ko kamfani bai rufe shi ba ya kama hanyar mutuwa.

Hukuncinmu

To, ga inda muka tsaya. Tsufan wasan ba aibu ba ne, kuma sabon shiga yana iya jin daɗinsa, amma bisa sharuɗɗa. Na farko, kada ya shiga sai yana da mutanen da ya sani ido da ido a cikin ƙungiya mai rai, waɗanda za su riƙe hannunsa. Na biyu, kada ya sa kuɗi, kada kuma ya sayi garin kowa. Gonar aro ba a kai mata takin gida. Na uku, ya cire wa ransa kamo na gaba. Ya zauna a matakinsa ya ƙware a kai, kada ya yi gaggawar ɗaga fada alhali ganuwarsa ta kara ce. Na huɗu, akwai wurin da mutum zai danna ya nuna ba ya cikin yaƙi; ya danna shi daga saukar ruwan shuka har a gama maimai, haka kuma daga fitowar jadawalin jarrabawa har a ajiye alƙalami. Ƙungiyar da ta ƙi yarda da wannan uzuri ba ta cancanci zamansa ba.

Wanda kuwa ya san halinsa, ba ya iya ganin wani a gabansa ya yi barci, ko wanda ke fuskantar jarrabawar fita sakandare ko ta shiga jami'a, shawararmu gare shi ita ce kada ya fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Muna kuma kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su sa gasar dara cikin shirye-shiryen makon ɗalibai, tsakanin ɗakunan kwana ko tsakanin sassa. Ba ta bukatar kasafin kuɗi, ƙasa da tsakuwa ba su yi wuya a harabar nan ba. Muna da tabbacin akwai gwanaye cikinmu waɗanda suke ɓoye gwanintarsu don kada a ce musu 'yan ƙauye.

Shi kuwa ƙaninmu, da safe muka kira shi muka ce ya dakata har ya gama jarrabawarsa ta baɗi, in ya gama mu da kanmu za mu sa shi a ƙungiya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Yaya, in na jira ai sai su ƙara yi mini nisa." Muka ce masa za su ƙara, kuma ko yau ya shiga za su ƙara. Bai ji daɗin amsar ba, mun ga haka a fuskarsa, kuma wayar tana hannunsa, mu kuwa mun dawo makaranta. Abin da muka iya ke nan.

Mun san akwai manyan mayaƙa a harabar nan waɗanda wannan rubutu ba zai yi musu daɗi ba. Filin mujallar nan a buɗe yake. Duk mai hujjar da ta fi tamu, ya rubuto a fitowa ta gaba, za mu karanta da kunnen basira.